Daga Allon Gwandu Zuwa Kwamfutar Kalgo: Amsar Takardun Masu Sauraro

Wannan mako takardu biyu muka haɗa wuri guda, don ko da yake ba hannu ɗaya ya rubuto su ba, damuwar masu su iri ɗaya ce.

Ta farko daga wani manomin shinkafa ta fito, a ƙasar Kalgo. Ya ce a taron iyaye da malamai an yanka wa kowane uba kuɗi don a sayo wa makarantar garinsu kwamfuta, alhali kuwa ɗansa da ke aji biyar ko takarda aka aiko gidan sai an nemo wani ya karanta. Ya ce, "Malam, in sayar da buhu in ba da, ko kuwa wannan ma irin abin nan ne da ake kawowa a yi biki a watse?"

Ta biyu kuwa wata Hajiya ce mai sayar da zannuwa a garin Gwandu. Ta ce 'yarta da ke ajin ƙarshe na sakandare ta matsa mata lamba sai ta saya mata babbar waya, wai yanzu da ita ake karatu. Hajiya tana so ta ji tun yaushe aka fara shigo da na'urori cikin sha'anin karatu, kuma shin an taɓa ganin ɗan da na'ura ta koya wa karatu.

To Malam, to Hajiya, mun gode da takardunku, Allah Ya saka da alheri. Wannan tambaya ta girme mu duka. Kakanninmu sun yi ta ranar da aka kawo baƙin allo da alli, iyayenmu sun yi ta ranar da motar majigi ta shigo gari. Amsar a taƙaice ita ce, kayan koyarwa suna amfani in an haɗa musu abu biyu: malamin da zai sa yaro ya yi aiki da su da hannunsa da bakinsa, da kuma mutanen gari da za su iya riƙe kayan in wanda ya kawo ya tafi. In babu waɗannan, kuɗi ne kawai aka zubar. Amma kada ku ɗauki maganata haka nan. Masu iya magana suka ce waiwaye adon tafiya, don haka bari mu bi tarihin daki-daki, ku yanke hukunci da kanku.

Mu fara daga gida. A 1805, shekara guda bayan fara jihadi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sauka Gwandu da jama'arsa, ya yi 'yan shekaru a nan kafin ya tashi zuwa Sifawa. Da aka raba ƙasa a 1812, sashen yamma ya faɗa hannun ƙanensa Malam Abdullahi, wanda har yau muke ce wa Abdullahin Gwandu, kuma a garin hubbarensa yake. Malam Abdullahi malami ne tun kafin ya zama shugaba, sarauta kuma ba ta raba shi da alƙalami ba. Shi ya wallafa tafsirin nan Diya'ut Tawili. Yana kuma da wani ɗan littafi, Ida'un Nusuki, inda ya jero malaman da ya yi karatu wurinsu, da littafin da ya ɗauka a gaban kowannensu. Ku lura da wannan. A wancan zamani in ana son a san zurfin karatun mutum, tambayar da ake yi ita ce, a gaban wa ka karanta?

Littattafai kuwa akwai su a Gwandu. A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya yada zango a garin. A nan ya samu kwafin Tarihus Sudan, babban littafin tarihin Tambutu da daular Songai, ya zauna kwana da kwanaki yana kwafar abin da ya samu dama. Ta hannunsa Turawa suka fara sanin abin da littafin ya ƙunsa. Sai dai fa takarda a lokacin tsada gare ta, don ta hamada ake ɗauko ta a kan raƙuma, kowane littafi kuma da hannu ake rubuta shi. Ba mai ba ƙaramin yaro takarda ya ɓata. Saboda haka kayan aikin yaro shi ne allo.

Kada ku raina allo don kun saba ganinsa. Masassaƙin gari ke sassaƙa shi. Tawada da gawayi da ƙaro ake haɗa ta a gida. Alƙalami daga gamba ko kara ake fiƙe shi. In allo ya tsage ba sai an aika birni neman mai gyara ba. Ga shi kuma allo ba ya barin yaro ya zauna hannu rabbana. Tun daga babbaƙu zuwa farfaru, Malam zai rubuta, yaro ya bi da yatsa yana faɗa, har ya kai ga rubutawa da kansa. Ba ya wanke allon sai ya zo gaban Malam ya biya, Malam ya ji da kunnensa cewa karatun ya zauna. Wanda ya iya ya wuce, wanda bai iya ba ya maimaita, ba a jan kowa gaba don shekara ta zagayo. A kwalejin horon malamai an koya mana wannan da dogon Turanci, wai kowane yaro ya tafi daidai ƙarfinsa, a kuma riƙa auna shi kullum. Ashe abin yana nan a zauren kakanninmu. Ba mu ce makarantar allo ba ta da aibi ba. Akwai yawan bulala, akwai kuma yaron da zai yi shekaru yana hadda bai san ma'anar abin da yake faɗa ba. Amma dai yaro ba ya ɓacewa a cikin taro, Malam ya san inda kowa ya tsaya.

Mata ma ba a bar su baya ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda Malam Abdullahi yake baffanta, ta ga cewa matan ƙauye ba za su iya baro gidajensu su zauna Sakkwato ɗaukar karatu ba. Wajen shekarun 1830 zuwa 1840 sai ta tsara abin da ake kira 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga gari, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa alamar muƙami. Jaji ta zo da ayarin mata su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida. Karatun kuma a waƙe Nana ta tsara shi, da Hausa da Fulatanci, yadda mace za ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Hajiya, kin ga wannan karatu ne daga nesa, ba waya ba rediyo. Abin da ya riƙe shi har bayan rasuwar Nana a 1864 shi ne jajin nan da ke zaune cikin mutane, ta san kowa, kowa ya san ta.

A 1903 Turawa suka ci Sakkwato, sai ga wani sabon tsari. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano, a 1922 kuma aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai. Kayan da boko ya zo da su su ne baƙin allo da alli, da benci, da ƙararrawa, da littafin da inji ya buga. Malami ɗaya zai tsaya gaban yara talatin ya koya musu abu ɗaya a lokaci ɗaya. An samu sauri, amma an rasa wani abu, don yanzu yaro yana iya zama a bencin baya shekara guda ba wanda ya ji muryarsa. Iyaye da yawa ba su yarda da abin ba, har wasu masu sarauta in an ce su kawo 'ya'yansu sai su tura 'ya'yan barorinsu. Abin da ya sassauta zukata shi ne ganin 'ya'yan gida sun zama malamai. Marigayi Sarkin Gwandu Alhaji Haruna Rashid, wanda ya yi sarauta daga 1954 zuwa 1995, ɗan Kwalejin Katsina ne, ya riƙe alli a aji, ya kuma yi hakimcin Kalgo kafin ya hau gadon sarauta.

Masu boko sun yi karo da wata matsala tun da wuri. An koya wa yara haɗa baƙi, amma babu abin karantawa mai daɗi da harshensu. Wannan ya sa Dokta Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta littattafan hira a 1933, inda aka samu irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga baya Magana Jari Ce ya biyo, a watan Janairu na 1939 kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ku tambayi dattawan da suka yi elemantare, za su gaya muku yadda yaro kan ɓoye littafi ya karanta a hasken aci-bal-bal ba wanda ya sa shi. Injin buga littafi ya yi amfani ne ranar da ya bugo abin da yaro ke marmarin sani, cikin harshen da yake ji.

A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci. Aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, magidanta suna taruwa da yamma bayan an taso daga gona. Aka riƙa buga 'yan jaridun larduna don sababbin masu karatu, ta Lardin Sakkwato ita ce Zaruma, kuma a lokacin Gwandu da Kalgo a wannan lardi suke. A wannan zamani ne motar majigi ta yi tashe. Za ta iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a tayar da janareto, bayan isha'i gari duka ya hallara. Ana nuna hoto, wani ma'aikaci yana bayani da Hausa ta lasifika, a kan tsabta ko allurar rigakafi ko noman zamani. Tsofaffi har yau suna tuna Baban Larai, wanda aka shirya don jawo hankalin manoma. Majigi ya iya tara jama'a, ba shakka. Amma da gari ya waye mota ta ɗaga sai wani gari, wataƙila ba za a sake ganinta ba sai baɗi. Wanda ya fita daga jahilci a waɗannan shekaru, a ajin yamma ya fita, a gaban malamin da ke dawowa kowane mako yana duba rubutunsa.

Sai rediyo, wato sana'armu. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna kuma a 1962. Da ƙananan akwatuna masu batir suka yawaita, sai rediyo ya shiga gona, ya shiga kasuwa, ya hau keke. Aka riƙa shirya darussa na musamman don makarantu. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun yi wata dabara a 1962 da suka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo. Mutanen gari za su taru su saurari shiri tare, wani jagora, sau da yawa malamin makaranta, ya buɗe mahawara a kan abin da aka ji, a ɗauki ra'ayin jama'a da rikoda a mayar gidan rediyo a watsa. Wato mai sauraro ya zama mai magana. A nan gida ma, bayan an kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, an yi amfani da rediyon Kaduna don isa ga Fulani a rugage. Mu da ke bayan makirfo mun san iyakarmu. Ina iya yin bayani minti talatin, amma ba ni da hanyar sanin ko ɗanka ya gane, ko kuwa barci ya kwashe shi tun a minti na biyar.

Nijar ɗin dai ta gwada abin da ya fi wannan. A 1964, da taimakon Faransa, aka fara koyar da 'yan firamare ta akwatin talabijin a wasu 'yan makarantu na kewayen Yamai. Ana watsa darasi, wani mai kula da aji da aka ba ɗan gajeren horo ya sa yara su maimaita, su yi wasa da abin da suka gani. Waɗanda suka je kallo sun yaba da yadda yaran ke da kuzari da son zuwa makaranta. Amma shirin bai taɓa game ƙasar ba, don tsadarsa ta fi ƙarfin aljihun gwamnati, kayan da masanan kuma duk daga waje suke. Ƙasar Kwaddibuwa ta ɗauki irin wannan shiri a 1971, ta baza shi ko'ina, ta kashe maƙudan kuɗi. A farkon shekarun 1980 aka rufe shi, bayan iyaye da malamai sun yi ta kukan cewa yara sun iya surutu da Faransanci amma rubutu ya gagare su.

Mu dawo Nijeriya. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi shirin karɓar yara kamar miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun bayyana. Aka gina azuzuwa a garuruwan da ba su taɓa ganin makaranta ba, wannan kuwa alheri ne da ba mai musunsa. Sai dai malamai ba su isa ba. Aka riƙa ɗibar mutane ana ba su horon gaggawa ana tura su aji. Don cike wannan giɓi ne aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a wannan shekara, inda malami ke karatu daga gida da littattafan da aka tsara masa, yana zuwa cibiya a ƙarshen mako, har ya samu takardar malanta.

Malam na Kalgo, labarin da ya fi kusa da tambayarka shi ne mai zuwa. A 1982 aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4, wato shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, 4 a jami'a. Manufar kyakkyawa ce, a ce yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu, ko kafinta ko walda ko gyaran lantarki. Gwamnati ta sayo injuna na miliyoyin kuɗi daga ƙasashen gabashin Turai irin su Bulgeriya da Hangari, aka rarraba wa makarantu a faɗin ƙasa. To, a makarantu da yawa babu wutar lantarki, babu ɗakin da za a kafa injin, babu malamin da ya san yadda ake tayar da shi. Akwatuna suka zauna a baranda ko a sito ba a ko buɗe su ba, ruwa ya doke su, tsatsa ta ci, ɓarayi suka kwashe saura. Yara suka riƙa zana hoton zarto a littafi suna haddace sunansa don jarrabawa. Kamar mutum ne ya sayi injin ban ruwa tun bai haƙa rijiya a fadamarsa ba.

A ranar 27 ga Agusta, 1991 aka cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato. A ranar 30 ga Satumba, 1999 aka ƙaddamar da sabon shirin ilimin bai-ɗaya, UBE, a birnin Sakkwato. A 2001 wayar hannu ta shigo ƙasa. A 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, a 2013 kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin yake nan Kalgo a kan hanyar Bunza. Wato Malam, jami'a ta zo har ƙofar gidanka. Amma ƙofar shigarta ta sake. Hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ta fara gwada yin jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda gaba ɗaya. A 2024 hukumar WAEC ita ma ta fara yi wa masu zana jarrabawa daga waje tasu da kwamfuta. Saboda haka yaron ƙauye mai ƙoƙari, wanda bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, yana iya faɗuwa a kan abin da ya sani, don lokaci yana tafiya shi kuwa yana neman inda zai danna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda duk ya ce muku kwamfuta ba ta da amfani ga ɗan talaka, bai faɗa muku gaskiya ba.

Haka kuma wanda ya ce muku ita kaɗai ta isa, shi ma bai faɗi gaskiya ba. Ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka ta raba wa 'yan makaranta ƙananan kwamfutoci sama da 800,000, akasari a ƙauyuka. Da masana suka bi sawu suka fitar da sakamako a 2012, sai aka ga yaran sun iya sarrafa kwamfutar sarai, amma a lissafi da karatu ba su ɗara waɗanda ba a ba ba. Dalili kuwa, yadda ake koyarwa a aji bai sake ba. Mu ma mun ga namu a 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu tun daga watan Maris har wata da watanni. Jihohi suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin. Gidan da ke da wa ko ya ko uba mai zama da yaro, ya ce ɗauko littafinka, rubuta abin da Malam ya faɗa, an tsira da wani abu. Gidan da babu mai yin haka, rediyo ya yi ta magana shi kaɗai, yaro yana gona ko yana talla. A 2022 gwamnatin tarayya da UNICEF suka buɗe wani dandalin darussa kyauta ta intanet, amma shi ma sai mai waya da caji da data, da kuma wanda ya riga ya iya karatu.

To Malam, ga shawararmu. Kada ka ƙi ba da kuɗin, kada kuma ka bayar ido rufe. Ka nemi 'yan'uwanka iyaye ku koma wurin hedimasta da kwamitin makaranta cikin mutunci, ku yi tambayoyin da ba a yi ba a 1982. Wane malami ne ya iya kwamfutar, kuma in aka yi masa canjin wurin aiki wa zai karɓa? Da wace wuta za ta yi aiki, in sola ce an sa kuɗinta da na batir cikin lissafi? Wane ɗaki za a ajiye ta, yana da ƙofa da rufin da ba ya yoyo? In ta lalace wa zai gyara, daga wace jaka za a biya? Sau nawa a mako ɗanka zai zauna gabanta da hannunsa, ko kuwa a ofis za a rufe ta da ƙyalle sai manyan baƙi sun zo? In amsoshin sun gamsar da ku, ku bayar, Allah Ya sa albarka.

Amma maganar da ta fi tsaya mini a rai cikin takardarka ita ce yaro yana aji biyar bai iya karanta wasiƙa ba. Wannan ita ce gobarar da ke ci yanzu. Kwamfuta rubutu ce a cikinta, wanda bai iya karatu ba hoto kawai zai kalla. Ku roƙi makaranta ta gwada yaran ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake biya allo, a ware waɗanda ba su iya haɗa baƙi ba, ko ajinsu nawa, a ba su awa guda kullum ana koya musu karatu da Hausa. Maƙwabtanmu na Sakkwato da kuma Bauci sun yi aiki da littattafan Mu Karanta a ƙananan azuzuwa don wannan manufa. In kuɗin da aka tara ba zai ishi abu biyu ba, a fara da littattafai da alli da ɗan abin hasafi ga malamin da zai tsaya bayan an tashi. Kai kuma a gida, ko ba ka yi boko ba, kana da kunne. Kowane dare ka ce ya karanta maka shafi ɗaya da ƙarfi. Ranar kasuwa ka ce ya lissafa maka kuɗin buhu bakwai, a cire na mota da na dako. Cikin wata guda za ka san ko makarantar tana aiki.

Hajiya, ke kuma 'yarki ba ƙarya ta yi miki ba. Akwai tsofaffin tambayoyin jarrabawa da darussa da ake samu a waya, kuma tana bukatar hannunta ya saba kafin ranar JAMB. Sai dai wayar da ke ɗauke da darasi ita ce ke ɗauke da waƙa da hira da mutanen da ba ki sani ba. In kina da hali ki saya, amma ta zama wayar gida, a hannunki take kwana. Ki sa mata lokaci, ta zauna kusa da ke, da littafi da biro a gabanta, in ta gama ta gaya miki da Hausa abin da ta koya. In ta iya mayar miki da shi har kika gane, karatu ya shiga. In ba ki da hali, kada ki taɓa jarinki. Ki haɗa kai da iyayen ƙawayenta ku nemi wurin koyon kwamfuta ku biya musu na 'yan makonni kafin jarrabawa, su riƙa tafiya tare. Ki kuma je makarantar da kanki ki gaisa da malamanta, ki tambaye su inda take da rauni. A ƙasar da jajin Nana suka bi da ƙafa don ilimin mata, ba abin kunya ba ne uwa ta taka zuwa makarantar 'yarta.

Jama'a, a nan za mu dasa aya. Muna fata Malam da Hajiya sun gamsu. Dattawan da suka yi ajin Yaƙi da Jahilci, ko suka kalli majigi a ƙofar fada, muna roƙon ku sa a rubuto mana abin da kuka gani da idonku, za mu karanta a fili. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya shirya mana zuriya. Wassalamu alaikum.